Sunan da Kawu Ba Ya Kira

Ƙudirin dokar ya yi shekara biyu da wata huɗu a hannun kwamitin lafiya na majalisa. Abin da ke cikinsa ba mai wuyar fahimta ba ne: kowace mazaɓa ta sami ɗakin haihuwa ɗaya da ungozoma ƙwararriya wadda za ta zauna a garin, da mota ɗaya mai iya shiga hanyar karkara, sannan a kafa asusun taimakekeniya wanda za a riƙa sayen magani daga cikinsa. Mutum bakwai ne a kwamitin. Uku 'yan jam'iyyar da ta kawo ƙudirin ne, huɗu kuma 'yan jam'iyyar da ta sha alwashin ba za ta bar abokan hamayyarta su shiga zaɓe da wannan abin alfahari a hannu ba. Rahoton kwamiti yana buƙatar sa hannun mutum huɗu kafin ya fita zuwa zaure. Idan bai fita ba har aka tafi hutun yaƙin neman zaɓe, ƙudirin ya mutu ke nan. Ɗaya daga cikin huɗun da suka ƙi, kawuna ne, Alhaji Ubaidullahi, ƙanen mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya.

Kawu ba ɓarawo ba ne, kuma wannan ne ya sa sukarsa take da wuya. Har yau gidansa na ƙauyenmu na asali, can gaba da Kebbe, ginin ƙasa ne, kuma da majalisa ta tashi garkensa yake komawa. Sai dai mutum ne da yake kallon kowane sabon abu kamar baƙon da ba a san asalinsa ba. A zaman jin ra'ayin jama'a da aka yi kan ƙudirin, ya ce tara kuɗi domin cutar da ba ta zo ba ya yi kama da caca, ya ce kuma ba a ba shi tabbacin cewa ba maza za a turo su shiga kan matan mutane ba. Ya rufe da cewa:

"Uwayenmu bayan ɗaki sunka haife mu, ga mu nan da ranmu."

Aka yi masa tafi. Ina zaune a layin baya da digirina na kimiyyar siyasa, wanda har lokacin bai samar mini aiki ba, na ce a zuci ai waɗanda ba su rayu ba, ba su sami zuwa zaman ba. Ban faɗa a fili ba. Kawuna ne.

Sharifa 'yarsa ce ta fari. Mutane da yawa a Tambuwal ba su san haka ba, domin a gidanmu ta tashi. Dangin mahaifiyata masu shanu ne tun kakanni, kuma a wurinsu ana jin kunyar ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna damuwa da ciwonsa a gaban mutane, da an yaye shi kuma sai a ba wani riƙo. Haka aka kawo wa Inna ita tun kafin a haife ni. Idan Kawu ya zo gidanmu zai tambayi lafiyar kowa da sunansa, har ya tambayi tumakin da ke ɗaure a bayan gida, sannan ya dubi bango ya ce wa Inna, wadda yake kira Adda, "Adda, ɗiyar taki lafiya dai?" Ita kuwa Sharifa tana bayan ƙofa, ba ta fitowa sai ya tafi.

Wuri ɗaya ne kawai asalinta yake fitowa fili, shi ne a wasan taubasai da take yi da ni. Ita 'yar namiji ce, ni ɗan mace, saboda haka a al'ada ni bawanta ne, kuma ba ta taɓa yafe mini wannan ba.

"Kai bawana, ɗebo mani ruwa."

"Ina aji uku a jami'a kina ce mani bawa?"

"Ko jami'a goma ka gama. Wa yac ce maka boko shina 'yanta bawa? Tashi, da dogon wuya awa zalɓe."

Sai in tashi in ɗebo, in kurɓa tukuna a gabanta don ta ji haushi.

Ta auri Gazali, malamin firamare a wani ƙauye da ke gaba da na Kawu. A ƙauyen akwai ɗakin shan magani, ginin yana nan har da fenti, amma ba a taɓa turo masa ma'aikaci ba. Wata baiwar Allah mai suna Nasiha, wadda ta gama makarantar ungozoma tana jiran a ɗauke ta aiki idan ƙudirin ya zama doka, ita ce take zuwa daga Kebbe a kan karan kanta tana buɗe shi Litinin da Alhamis. Sharifa ta haihu ranar Talata da hantsi, cikin watan Agusta, jini ya ƙi tsayawa. Rafin da ke tsakaninsu da babbar hanya ya cika ya batse. Aka kai ta bakin ruwa a amalanken shanu, maza huɗu suka ƙetare da ita a kan ƙyauren ɗaki, aka ɗora ta a babur. Ta cika saura kaɗan su shiga Kebbe, tsakanin mijinta da mai kabu-kabu. Jaririn ya bi ta bayan kwana biyu.

A gidanmu aka yi zaman makoki, tunda Inna ce uwa. Kawu ya zo a rana ta biyu. Bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba; ya shigo ne cikin masu kawo ta. Ya cire takalmansa a bakin zaure, ya shiga wurin Inna ya durƙusa.

"Adda, ya haƙuri? Allah shi jiƙan ɗiyarki."

Ya fito ya miƙa mini hannu. "Jamalu, an yi maku rashi. Sai haƙuri."

An yi *maku*. Ya yi addu'a tare da liman, ya shafa, ya miƙe ya nufi motarsa. Sai da ya yi nisa na lura takalmansa suna nan a bakin zaure. Ya taka tsakuwa da caɓin damina da ƙafa, dattijon da ban taɓa ganin tafin ƙafarsa a waje ba, kuma bai ji ba. Na ɗauka na bi shi, na ajiye su a gabansa a bakin mota. Ya daɗe yana kallonsu kamar bai san na wane ne ba. Ni kaɗai na ga wannan. Ina so mai karatu ya riƙe shi, domin ni da na gani na ajiye shi gefe lokacin da buƙatata ta taso.

Na yi mako shida ina fama da fushin da ban san inda zan sauke shi ba. Ina zama a ɗaki in lissafa sa'o'in da suka wuce tsakanin hantsi da lokacin da ta cika, in sake lissafawa. Da na ji a rediyo cewa saura kwana goma kwamitin ya yi zamansa na ƙarshe, sai na zauna na rubuta maƙala. Na yi ta da tsari, kamar yadda aka koya mana: tarihin ƙudirin, hujjojin Kawu ɗaya bayan ɗaya da amsar kowace, da bayanin yadda jam'iyyun biyu suka mayar da ɗakin haihuwa abin ja-in-ja. Na kai wa Kamilu, abokin karatuna a jami'a, wanda yake da shagon gyaran waya kusa da tasha, yake kuma da shafin sada zumunta da dubban mutane suke bi.

Ya karanta yana taunar gyaɗa, ya miƙo mini wayar.

"Farfesa, wanga ai amsar jarrabawa ce. Na ba ka saba'in bisa ɗari. Amma mutum uku za su karanta, kai da ni da wanda yal latsa bisa kuskure."

"Gaskiya ce a ciki daga farko har ƙarshe."

"Ban ce ƙarya ce ba. Ba ta da jini a jika ne. Mutane fuska suka son gani, ba lissafi ba. Ba ka san ko mace ɗaya da abin ga yac ci ba?"

Kamilu ya san yayata ta rasu, amma bai san ko 'yar wa ce ba. Ba shi ya tambaye ni ba. Ni na gaya masa. Na tuna yadda ya ajiye gyaɗar. A nan cikin shagon, a kan benci, na ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshen maƙalar, kuma na haddace shi har yau:

"Wannan dattijo, 'yarsa ta cikinsa, Sharifa, ta mutu a kan babur domin ɗakin shan maganin garinsu a kulle yake. Ya zo gidan makokinta ya yi gaisuwa kamar baƙo. Bai zubar da hawaye ba, bai ko kira sunanta ba. Wanda bai iya faɗin sunan 'yarsa ba, yaya zai damu da naku 'ya'yan? Yanzu da abin ya ci gidansa, bari mu gani ko zai sa hannu."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Na duba sau da yawa tun daga lokacin, ina neman ƙaryar, domin da na same ta da na san abin da zan janye. Na san dalilin da bai kira sunanta ba kamar yadda na san sunana. Na san kuma cewa masu karatu a birni, da matasan da suka tashi ba su ga ana wannan kunyar ba, za su karanta shirunsa a matsayin bushewar zuciya. Saboda su na rubuta shi haka. Takalman kuwa ban ambace su ba.

Kamilu ya ɗora rubutun a shafinsa, kafin la'asar ya zaga wayoyin garin. Washegari wani gidan rediyo ya karanta sakin layin ƙarshe a shirinsa na siyasa, sau biyu, da muryar da ake karanta sanarwar rasuwa. Mutanen da ban sani ba suka riƙa kirana. Wani malaminmu na jami'a ya aiko mini da saƙo cewa irin wannan ƙarfin hali ne ƙasar take buƙata. Na yi kwana biyu ina tafiya a cikin kasuwa ina jin ana nuna ni, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun da na gama karatu ba a taɓa kallona a matsayin wanda ya yi wani abu ba.

Inna kuwa ta ci gaba da hidimarta. Tana ajiye mini tuwo a ƙofar ɗaki, ta ɗauke kwanon idan na gama. A rana ta uku da safe tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba ta ce:

"Kawunka shina nemanka."

"Mi yac ce, Inna?"

"Ka tahi ka ji."

Na tsaya ina jiran faɗa, domin na shirya amsarsa. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sai da na juya ta ƙara da cewa, "Da baƙo yar rubuta, sai in ce bai sani ba. Kai nan gidan ga kat tashi."

Na hau mota zuwa Kebbe, daga can na ɗauki kabu-kabu. Ana girbin gero, dammuna a jere a bakin gonaki. Rafin da ya hana su wucewa ya janye har bai kai idon sawu ba. Mai babur bai ko sauke ƙafa ba. Ya yi ta ba ni labarin wani yaro ɗan Tambuwal da ya wanke Honorabul tas a waya, ya ce rabon da a sami namiji irinsa an daɗe. Ban gaya masa ko wa ya ɗauko ba.

Na sami Kawu bayan azahar a gindin tsamiyar da ke kusa da garkensa, zaune a kan buzu, shi kaɗai. Ya amsa gaisuwata cikakkiya. Ya tambayi Inna, ya tambayi hanya, ya tambayi ko geron wajenmu ya yi kyau. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma rashin ganin ya fi tsoratar da ni. Da gaisuwa ta ƙare, ya ɗaga gefen buzun ya zaro wasu takardu a cikin leda ya miƙo mini.

Rahoton kwamitin ne. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun hannunsa, da ajami, ƙanana.

"Karanta."

"Ajamina ba shi da ƙarfi, Kawu."

"Ashe akwai abin da ba a koya maku ba can." Ya ce da ni haka ba tare da murmushi ba. "Yi a hankali, ba mu da sauri."

Na bi harafi harafi kamar ɗan makarantar allo. A wani shafi ya rubuta cewa a bayyana ƙarara ungozoma mace ce za a turo. A wani ya ce kada asusun ya zama dole, a kira shi gudummawa, kuma a sa liman da maigari cikin masu lura da shi. A gefen sashen da ya yi maganar mota ya rubuta: ba ta ƙetare rafi da damina, a ƙara kwalekwale. A saman kowane gyara akwai kwanan wata. Na farkon ya faɗo kwana tara bayan rasuwar Sharifa. A shafin ƙarshe, inda aka jera sunayen 'yan kwamiti, akwai ɗan ɗigo na fensir a gaban sunansa, daidai inda ake sa hannu.

"Juma'a ukku muna zama da shugaban kwamiti bayan masallaci," in ji shi. "Ya karɓi gyaran duka. Na gaya ma mutanenmu na jam'iyya. Sunka ce za su hana mani takara, nic ce su riƙe abinsu, shanuna ba su san tikiti ba. Alhamis wagga mai zuwa nika sa hannu."

Na ji wani sanyi ya sauko mini, har na fara cewa alhamdu lillahi. Ya ɗaga hannu.

"Da na sa, sai a ce tsoho ya nemi gyara, an yi mashi, ya yarda. Magana ta ƙare. Ba mai kawo wani zance. Yanzu fa, Jamalu? In na sa, mi za a ce?"

Bai jira amsata ba.

"Za a ce matan mutane sun shekara biyu suna mutuwa bai motsa ba, sai da abin yat taɓa…" Ya tsaya. "Sai da yat taɓa gidan Adda. Za a ce Ubaidu ya miƙe gaban duniya don ɗan fari. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Kai kac ce a zuba ido a gani ko zan sa hannu. To, an zuba. Duk wanda ka kallon hannuna yanzu, sunan nan shika karantawa."

"Zan janye, Kawu. Yau ɗin nan zan rubuta cewa na yi kuskure."

"Wane kuskure?" Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido. "Za ka rubuta cewa ba tawa ba ce?"

Shekara ashirin da bakwai ina duniya, ban taɓa jin ya zo kusa da wannan kalmar ba. Ni na tura shi har ya faɗe ta, kuma a wurin da ba ta da sauran amfani ga kowa.

Shanu suna ta kaɗa jela a inuwa. Na zauna da takardun a cinyata, na ji kunya ta rufe ni har ban iya ɗaga kai ba. Amma a ƙarƙashin kunyar fushin nan yana nan bai mutu ba, kuma shi ne ya yi magana.

"Kawu, ka gafarce ni. Sauran matan fa? Akwai masu ciki yanzu haka a bayan rafin nan, damina kuma za ta dawo. Abin da za a faɗa a kanka ya fi ransu?"

Na zaci zai kore ni. Ya ɗauki wani ɗan kara yana zane a ƙasa, ya daɗe.

"A'a," in ji shi. "Bai fi ba."

"To ka sa hannu."

"Ba ni iyawa."

"Kawu…"

"Na san bai fi ba, kuma ba ni iyawa. Na gwada jiya, ni kaɗai, a kan wata takarda. Hannun bai tahi ba." Ya jefar da karan. "Kai ka yi boko. Ka samo ma wannan suna."

Ban samo ba har yau.

Ya sa aka kawo mini fura da nono daga cikin gida, ya zauna yana kallona har na sha, domin baƙo ba ya barin gidansa da yunwa ko da me ya zo. Da na miƙe zan tafi, ya karɓi takardunsa ya mayar ƙarƙashin buzu. Sannan ya dubi garken, ba ni ba, ya ce da murya ƙasa-ƙasa:

"An ce kai kay yi magana da mijin. Ɗiyar Adda… ta sha wuya?"

Gazali ya gaya mini komai, kuma babu abin da zan iya maimaitawa a cikinsa. Na ce, "Ba ta daɗe ba, Kawu. Da kalmar shahada ta cika." Rabin farko ƙarya ne. Ita ce ƙarya ɗaya da na yi a duk wannan al'amari, kuma ita kaɗai ce ba na jin kunyarta.

"Madalla," in ji shi. "Kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba."

Na yi kwanakin da suka rage ina rubutu ina gogewa. Na rubuta bayanin al'adar kunyar ɗan fari, na ga zai ƙara jawo ido ne kan abin da yake so a manta. Na rubuta labarin takalman, na ga wannan ya fi na farko tona shi. Na yi tunanin bayyana cewa ya riga ya amince tun kafin maƙalata, sai na tuna kwanan watan da ke kan gyaransa na farko. Duk mai iya ƙirga tara zai gane. Kowace ƙofa na taɓa, sunan Sharifa ne a rubuce a jikinta, da rubutun hannuna.

Ranar Alhamis Kawu bai je birni ba. Ya aika cewa ba ya jin daɗin jikinsa. Mutum uku suka sa hannu, uku suka ƙi, layinsa ya zauna fari. Bayan mako ɗaya majalisa ta tafi hutu. Jam'iyyarsa ta yi murna ta hana abokan hamayya abin tutiya. Abokan hamayyar kuma, na lura, ba su yi wani baƙin ciki ba, domin sun sami abin faɗa a kan dandamali, har suka buga sakin layina a takardun da suke rabawa. A rediyo aka ce abin da matashin nan ya hango ne ya tabbata.

Na sha ƙoƙarin raba laifin kashi-kashi, domin abin da aka horar da ni a kai ke nan. Kawu ya yi shekara biyu yana tare hanya kafin in rubuta harafi ɗaya, kuma da ya sa hannu tun farko da wataƙila ranar Talatar nan ƙofar a buɗe take. Mutumin da ya yarda da bakinsa cewa mutuncinsa bai kai ran mace ba, sannan ya zaɓi mutuncin, bai cancanci in wanke shi ba, kuma ba zan wanke shi ba. Duk abin da na faɗa a kansa a farkon maƙalar yana nan daram. Amma duk lokacin da na kammala wannan lissafi na ga ya daidaita, sai in tuna nauyin takalman nan a hannuna.

Cikin watan Nuwamba na je tasha karɓar saƙo, wata mata sanye da farin hijabi, da akwati da katifa a naɗe, ta tsaya a gabana.

"Don Allah, kai ne Malam Jamaluddeen? Ƙanen marigayiya Sharifa?"

Na ce ni ne.

"Ni ce Nasiha. Ni nika duba ta lokacin awo." Ta yi mini ta'aziyya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta sami aiki a wani asibitin kuɗi a birni. Shekara biyu tana jira, mahaifinta ya ce ya isa haka. Na tambaye ta wa zai riƙa buɗe ɗakin shan maganin.

"Na kai ma maigari makulli." Ta gyara riƙon akwatinta. "Ka san wani abu? Bayan rasuwar, Honorabul ya zo wurina har sau biyu. Ya zauna kan benci awa mai jiran allura, shina tambayata mi aka yi in jini ya ƙi tsayawa, minti nawa mace ka ɗauka. Wallahi har na sa rai. Ashe dai yadda kac ce ne, babu zuciya a ƙirjin nan."

Kwandasta yana ta buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Ina da lokacin da zan gaya mata. Jimla uku sun isa.

"Allah shi saka maka," in ji ta. "Duk ƙasar ga kai kaɗai kaf faɗi gaskiya."

Na ce, "Amin. Na gode."

Na taya ta ɗora katifar a saman mota, na ja igiyar na ɗaure da kyau. Ranar Litinin ce, ranar da ta saba buɗe ɗakin shan maganin.